Shukar Binne: Shekarun Jira Tsakanin Legas da Patigi

Ranar 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauko daga jirgin ruwa a Legas. Jagoran tafiyar shi ne Walter Gowans, ɗan wani gidan mutanen Sikotilan mazauna Toronto ta ƙasar Kanada. Na biyu Thomas Kent, daga birnin Buffalo na Amurka. Autansu Rowland Bingham, haifaffen Ingila da ya ƙaura Kanada tun yana ɗan saurayi, saura kamar mako biyu ya cika shekara 21. Ba wata ƙungiyar mishan da ta aiko su. Gowans ya buga ƙofofi da dama, ba wadda ta yarda ta ɗauki nauyin aikin da yake magana a kai. Guzurin da suka zo da shi kuwa bai taka kara ya karya ba.

Inda suka nufa shi ne abin da Turawan zamanin suke kira Sudan. Ba ƙasar da Kartum take ciki kaɗai ake nufi ba. Sunan ya haɗa duk shimfiɗar ƙasar da ke kudu da Sahara, daga yamma har gabas, ƙasar Hausa da Nufe da Borno duk suna ciki. Sun gaskata Ubangiji ne ya kira su su kai bishara can. A Legas, shugaban mishan na Metodis ya dube su ya faɗa musu maganar da Bingham bai manta ba har tsufansa: ku samari, ba za ku ga Sudan ba, 'ya'yanku ma ba za su gani ba, sai dai wataƙila jikokinku.

Na zaɓi wannan lamari ne saboda yadda muke furta kalmar "lokacin Allah" a majami'unmu. Mace ta shekara goma ba haihuwa, 'yan Zumuntar Mata su riƙe hannunta su ce, "Mama, yi haƙuri, lokacin Allah ya fi." Yaro ya gama makaranta yana yawo da takardu shekara biyar, dattijo ya ce masa, "Ɗana, wani jinkirin alheri ne." Gaskiya suka faɗa, ni ma na faɗa sau ba adadi. Amma in ka lura da shaidun da ake tashi a bayar ranar Lahadi, kusan duka da biki suke ƙarewa: an yi suna, an sami aiki, an ɗaura aure. Wanda jiransa bai ƙare da biki ba yakan zauna a kujerar baya ya yi shiru, yana tambayar kansa ko shi an manta da shi ne. Labarin samarin nan uku yana da kaburbura biyu a tsakiyarsa, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa a gwada maganar da shi.

Yadda abin ya gudana

Tushen tafiyar wata uwa ce. Mahaifiyar Gowans ta ji Bingham yana wa'azi a Toronto, ta gayyace shi gida cin abinci, ta zauna tana ba shi labarin miliyoyin mutanen Sudan da nauyin da ɗanta ya ɗauka dominsu. A lokacin Walter ya riga ya haye Ingila neman masu taimako. Bingham ya fita daga gidan nan da nauyin a zuciyarsa, bai daɗe ba ya koma ya gaya mata zai bi ɗanta.

Da isarsu Legas ba a jima ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham. Sai suka raba aiki: shi ya zauna a bakin teku yana karɓar saƙo da kaya yana turawa, Gowans da Kent su yi arewa. Tafiya ce ta ƙafa da kwalekwale, cikin ƙasar da yaƙi da harin bayi suka hana kwanciyar hankali. Kent ya dawo Legas ɗaukar kaya ya sake komawa. Gowans ya kutsa har ƙasar Zazzau, ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a Girku cikin Nuwamban 1894, ba ɗan'uwa ko ɗaya a kansa. Wata na zagayowa Kent ya rasu a Bida. Shekara guda ke nan da saukarsu. Ba su gina majami'a ba, ba su yi wa kowa baftisma ba, ko tasha ɗaya ba su kafa ba.

A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Ya ɗauki 'yan kayan da Walter ya bari ya kai wa uwarsa. Duk wanda ya taɓa kai saƙon mutuwa gida ya san nauyin ƙafa a bakin ƙofar nan. Ta karɓe shi, suka yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce masa gara mata Walter ya tafi Sudan ya mutu can shi kaɗai, da a ce yana gida a ranar nan yana ƙin bin umarnin Ubangijinsa. Ba ta tsaya nan ba. Ta ci gaba da addu'a da tara mutane domin aikin da ya cinye ɗanta.

Shi Bingham bangaskiyarsa ta girgiza har gindi, shi da kansa ya faɗi haka daga baya. Ya tafi Afirka yana riƙe da koyarwar da ta yi ƙarfi a cikin da'irar da ya taso, cewa warkarwa daga kowace cuta alkawari ne da ke hannun mai bi tun yanzu, in dai ya ba da gaskiya. Ga shi ya baro biyu daga cikin amintattun Kiristocin da ya taɓa sani a ƙarƙashin ƙasa. To alkawaran ne suka faɗi? Ko Littafi Mai Tsarki ne ba abin dogara ba? Ya yi watanni yana kokawa da waɗannan tambayoyi.

Shekaru biyar da suka biyo baya, in ka dube su daga waje, ba abin da ya faru. Ya ɗan koyi aikin jinya, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki, ya riƙe wata majami'ar Baptis a Newburgh ta jihar New York, ya auri Helen Blair a 1898. A wannan shekarar ce kuma ya samu ya haɗa 'yar majalisa a Toronto da za ta tsaya wa aikin. A 1900 ya sake shiga jirgi da wasu samari biyu. Cikin makonni kaɗan da isa Legas zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka ɗauke shi ranga-ranga aka sa a jirgin komawa. Abokan tafiyarsa biyu, da suka sha jin labarai masu karya zuciya a Legas, suka biyo jirgi na gaba. Wannan faɗuwa ta biyu ta fi ta farko ɗaci a wurinsa, domin ta farko aƙalla ana iya kiranta hadaya. Ta biyu kunya ce tsagwaronta, ga idon waɗanda suka ba da kuɗinsu.

Ban ga laifin samarin nan biyu da suka juya ba, ko da yake a wa'azi akan wuce su da ɗan tsaki. Yohanna Markus ma ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima, har abin ya raba manyan biyu, amma a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti Bulus ɗin nan ne ya ce a zo masa da Markus, yana da amfani a gare shi. Ba mu ne ke rufe littafin mutum ba.

A 1901 aka tura ayari na uku, mutum huɗu, wannan karon ban da Bingham. A 1902 suka kafa tasha a Patigi, a bakin kogin Kwara, cikin Nufawa. Shekara takwas da 'yan watanni bayan saukar farko a Legas. Ko a nan ma ba a huta ba: kafin a yi nisa ɗaya ya rasu, ciwo ya kori biyu gida, saura A. W. Banfield, wanda ya zauna ya ƙware a Nufanci har ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen. Amma ƙafa ta riga ta kafu. Wushishi ta biyo a 1904, Egbe a ƙasar Yagba a 1908, Kwoi a 1910, Kaltungo a ƙasar Tangale a 1917. Sunan ƙungiyar ya sha canzawa kafin ya tsaya a kan Sudan Interior Mission, wadda kowa ya sani da SIM.

Abin da jiran ya gyara

Abu na farko da nake gani a shekarun nan shi ne, ba ƙofar Sudan kaɗai ake aiki a kanta ba, har da mutumin da zai shiga. Bingham ya koma ga Littafi Mai Tsarki ya sake karantawa da idon wanda ya yi makoki. Duk wanda ya yi irin wannan karatu zai ci karo da ayoyin da a dā yake tsallakewa. Bulus, wanda aka riƙa kai ƙyallayen da suka taɓa jikinsa ga marasa lafiya suna warkewa, shi ne ya rubuta cewa ya baro Tarofimas a Militas ba lafiya (2 Timoti 4:20). Shi ne ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa da yawan laulayinsa. Shi ne ya roƙi Ubangiji har sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, aka ce masa alherina ya ishe ka. Luka da yake yawo da shi likita ne. Bingham bai daina gaskata Allah yana warkarwa ba. Abin da ya bari shi ne ɗauka cewa Allah ya ɗaure kansa ya warkar da kowa a nan take, da kuma kallon magani kamar rashin bangaskiya.

A daidai wannan tsakani, a 1897, wani likitan Ingila mai suna Ronald Ross da ke aiki a Indiya ya gano ƙwayar cutar zazzaɓi a cikin sauro. Kwinin dai an san amfaninsa tun kafin nan, amma yanzu aka fahimci ta inda ciwon yake shigowa, aka san dalilin gidan sauro da nisantar kududdufi. Samarin 1893 sun zo ba su da wannan sani. Waɗanda suka zo bayan 1900 sun zo da shi, kuma sun zo a ƙarƙashin shugaban da ya riga ya daina jin kunyar magani.

Ka dubi wanda ya iso Patigi a 1902: Andrew Stirrett, mai kantin magani daga Toronto, wanda ya bar dukiyarsa ya taho. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya zauna a ƙasar nan har ya rasu a Jos a 1948, yana cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932, tare da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Anglika a Zariya. Ƙungiyar da wanda ya kafa ta ya fara da shakkar magani, ita ce ta zo ta yi suna da asibitoci: asibitin ido na Kano, asibitin Galmi a Nijar, na Egbe, na Jos. Ina tambayar kaina, da a ce ƙofa ta buɗe a 1894, da wace irin koyarwa za a shuka a ƙasarmu? Mutum nawa za a ce wa su zubar da magani su ba da gaskiya?

A nan sai an yi hattara. Ba ina cewa Allah ya kashe Gowans da Kent domin ya koya wa Bingham darasi ba ne. Wannan magana ta yi wa Allah ƙarami, ta kuma mai da rayukan mutum biyu kamar allon makaranta. Abin da nake cewa shi ne, asarar ba ta tafi a banza ba, kuma jiran ya tone kuskuren da gaggawa za ta rufe. Mu kan so mu ce "lokaci bai yi ba" mu tsaya nan, don kada mu duba ko akwai abin da ya kamata mu gyara. Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi, yana da 100 aka haifi Ishaku, amma a tsakani, yana da 86, ga Isma'ilu: shi da Saratu sun gaji da jira sun nemi hanyarsu. Littafin Farawa bai ɓoye wannan ba. Mai jiran Allah ba marar kuskure ba ne, kuma dogara ga lokacin Allah bai hana mutum ya zauna ya ce, a nan ni ne na karanta ba daidai ba.

Ƙofar da bindiga ta buɗe

Akwai wani gefen labarin da ba na jin daɗin yadda ake ba da shi. Ranar 1 ga Janairu, 1900, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja. Bida, inda Kent ya rasu, sojojin kamfanin Turawa na kogin Kwara sun buge ta a 1897, na Lugga suka sake a 1901. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Ba a musu, zaman tashar Patigi a 1902 yana da alaƙa da wannan sauyi. Na sha jin mai wa'azi yana cewa, kun gani, Allah ya aiko Turawan mulki su share hanya. Ni ba zan faɗi haka ba. An zubar da jinin mutane a waɗannan yaƙe-yaƙe, kakannin maƙwabtanmu ne, wasu kakanninmu ne.

Littafi Mai Tsarki yana da hanyar da yake riƙe abubuwa biyu a hannu ɗaya. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa, ku kun nufe ni da mugunta, Allah kuwa ya nufe shi da alheri (Farawa 50:20). Alherin da ya fito bai wanke waɗanda suka jefa shi a rijiya ba. Umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas ne ya kai Yusufu da Maryamu Baitalami, amma wannan bai mai da mulkin Roma mulkin Allah ba. Allah yana iya bi ta cikin abin da bai yarda da shi ba.

Kuma tarihin da kansa ya ƙaryata masu sauƙaƙa maganar. Gwamnatin da ake cewa ta buɗe ƙofa, ita ce ta rufe ta. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma shekaru da dama gwamnatin mulkin mallaka tana hana 'yan mishan zama a manyan masarautun Arewa. Ƙasar Hausa da Gowans ya mutu yana nema ta zauna a rufe ga SIM har wajen shekarun 1930. Da ta buɗe kuwa, ba ta inda aka zata ba: ta wurin kutare ce. Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, wuraren da aka kula da waɗanda kowa yake gudu, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A shekarun da aka hana su shiga birane, sai aikin ya karkata zuwa ga Yagba da Gbagyi da Ham da Irigwe da Tangale da sauran kabilu, kuma daga cikin waɗannan ne masu bishara 'yan ƙasa suka fito, suna wa'azi da Hausa, suna rera waƙoƙi da Hausa, suka kai saƙon inda Bature bai taɓa takawa ba.

Wannan yakan tuna mini Ayyukan Manzanni sura 16. Bulus ya so ya yi wa'azi a Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana. Ya juya Bitiniya, nan ma aka hana. Ya gangara Taruwasa bai san inda za shi ba, sai ga wahayin mutumin Makidoniya. Asiyar da aka hana shi ba a soke ta ba. A sura 19 ga shi a Afisa shekara biyu yana koyarwa kullum, har aka ce duk mazaunan Asiya sun ji maganar Ubangiji. "A'a" ta farko "tukuna" ce. Amma a ranar da aka faɗe ta, Bulus ba shi da hanyar da zai bambance su, haka ma Bingham a kan gadon jirgi a 1900.

Kaburbura biyu

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu yana da daɗin ji in kai ne Bingham. To in kai ne Gowans fa? Shi bai ga Patigi ba. Bai ji ko waƙa ɗaya ta Hausa a majami'a ba. Maganar shugaban Metodis ta cika a kansa ta wata fuska mai zafi: ya taka Sudan, amma ko 'ya'yan da za su gani bai bari ba.

A garinmu, in bazara ta yi nisa, hadari ya fara yawo a gabas amma ruwa bai sauka ba, akwai manoman da ba sa zama jira. Mahaifina yana cikinsu. Tun da asuba zai saɓa sungumi, yana tafe yana sara, mu yara muna biye da ƙoƙon iri, mu jefa 'yan ƙwayoyin gero a rami mu tura ƙasa da diddige. Ƙasar a bushe take ƙamas, kafin hantsi ta fara ƙona tafin ƙafa. In ka waiwaya ba abin da za ka gani sai sawunka a kan rairayi. Wannan shuka ita ake kira binne. In ruwa mai ƙarfi ya sauka, gonarka ta riga ta kowa tsiro. In yayyafi ne ya zo ya ɗauke, irin ya tsiro rana ta ƙone shi, ko zabi su tone, sai a sake ɗebo wani daga rumbu. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba za mu jira ruwa ba. Ya ce, "Ruwa ba nawa ba ne. Iri ne nawa."

Kalmar da muke kiran wannan shuka da ita, ita ce kalmar da muke faɗa in mun kai mamaci makwancinsa. Yesu ya ce in ƙwayar alkama ba ta faɗi ƙasa ta mutu ba, ita kaɗai za ta zauna, in kuwa ta mutu sai ta ba da 'ya'ya da yawa (Yohanna 12:24). Da kansa yake magana, kwanaki kaɗan kafin gicciye, amma nan take ya juya maganar ga duk mai binsa. Wasiƙar Yaƙub kuma ta ce mu dubi manomi yadda yake haƙuri har ya sami ruwan fari da na ƙarshe. Abin da aka yi a Girku da Bida a 1894 binne ne.

Sai dai ba na so wannan hoto ya yi mana daɗi fiye da kima, har mu manta mutum ne aka binne, ɗan wata. Littafi Mai Tsarki bai taɓa yi wa irin wannan ciwo kwalliya ba. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya sa aka kashe Yaƙub ɗan'uwan Yohanna da takobi, a aya ɗaya aka gama labarinsa. A wannan surar dai mala'ika ya shiga kurkuku ya kwance wa Bitrus sarƙa ya fito da shi. Ikilisiya ɗaya, sarki ɗaya, Allah ɗaya. Ba a gaya mana dalilin da ya sa wannan ya fita wancan bai fita ba, kuma marubucin bai yi ƙoƙarin ƙirƙiro dalili ba. Ibraniyawa sura 11, bayan ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki suka tsere wa kaifin takobi, ba ta ko ja numfashi ba ta shiga lissafin waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi. Duka ta ce an yaba musu saboda bangaskiya, duka kuma ta ce ba su karɓi abin da aka alkawarta ba a zamaninsu.

A nan ne nake ganin yadda muke amfani da "lokacin Allah" ya gaza. Mun mai da shi kamar layin asibiti: ka yi haƙuri, za a kira sunanka kafin a tashi. Amma agogon da Littafi Mai Tsarki yake magana a kai ya wuce tsawon ran mutum ɗaya. Yana ɗaukar tashin matattu a cikin lissafinsa. In ba tashin matattu, Gowans ya yi asara, magana ta ƙare, kuma duk jami'o'in da za a gina ba za su biya shi ba. Bulus ma haka ya ce: in a wannan rai kaɗai muke sa zuciya ga Almasihu, mun fi kowa zama abin tausayi. Mahaifiyar Gowans ba ta ce wa Bingham "za ka gani, zai zama alheri" ba. Ba ta san Patigi ba, ba ta san abin da zai biyo baya ba. Abin da ta riƙe shi ne ɗanta ya yi biyayya, kuma wanda ya yi wa biyayyar amintacce ne.

Kuma an yarda mai jira ya yi kuka. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Da aka aika wa Yesu cewa Li'azaru ba lafiya, ya ƙara kwana biyu a inda yake, ya iso Baitanya mutumin ya kwana huɗu a kabari. Marta ta tare shi ta ce, Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Maryamu ta zo ta faɗi daidai wannan magana. Bai tsawata musu ba. Bai ce musu su yi shiru, lokacinsa ya fi ba. Ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci kaɗan, duk da haka ya tsaya ya yi hawaye tare da su. Tun da na lura da wannan, in na je gaishe da wanda jira ya gajiyar, nakan rage saurin kawo aya. Nakan zauna tukuna.

Game da Bingham kuwa, jiransa bai taɓa zama naɗe hannu ba. Mu da muke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, mun san dutsen ba ya dahuwa sai ana iza wuta. Ya yi karatu, ya yi kiwon ikilisiyar da aka ba shi, ya rubuta wasiƙu, ya sake gwadawa ya faɗi, ya kuma yarda a karo na uku wasu su tafi shi ya tsaya a baya yana nemo musu abin tafiya. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya ɗauka shi ne zai shiga da ƙafarsa. Matsayin da zazzaɓi ya tilasta masa a Legas a 1894, na mai zama a baya yana tura kaya, shi ne ya zama aikinsa na sauran rayuwarsa.

Daga baya ya zo ya ga Sudan da idonsa, ba sau ɗaya ba, yana zagaya tashoshi a matsayin shugaban ƙungiyar. SIM ta shiga Nijar ta Damagaram a 1924, ta shiga Habasha a 1927. Makarantar Kent Academy da ke Miango sunan Thomas Kent take ɗauke da shi, jami'ar da ke Karu da asibitin koyarwarta a Jos kuma sunan Bingham. A 1954 majami'un da suka fito daga wannan aiki suka haɗu suka zama ECWA, a hannun 'yan ƙasa, kimanin shekara 60 bayan an haƙa kabarin Girku. Bingham ya rasu a Disamban 1942, saura shekara 12. Wannan ranar shi ma bai gan ta ba.